Yadda na bi sawun tarar da banki ya ci ni har aka dawo da ita

Albashinmu ya makara a wani ƙarshen wata. Makarar ba ta wuce 'yan kwanaki ba, amma biye-biyen da na ɗora wa asusuna su riƙa fita da kansu duk wata ba ruwansu da makarar albashi. Ranarsu ta yi, suka fita. Abin da ke cikin asusun bai kai ba, banki ya cike giɓin, balas ya koma ƙasa da sifiri. Shi ne abin da ma'aikatan banki ke kira obadiraf: ka zarce abin da kake da shi, banki ya ranta maka cikon, ko ka roƙa ko ba ka roƙa ba. Da albashin ya shigo ya biya bashin nan take. Sai a wata na gaba na ga kuɗina sun ragu ta hanyar da lissafina bai nuna ba, alat kuma bai ce komai ba sai kalma ɗaya, caji.

Wanda zai nemi a mayar masa da irin wannan kuɗi, kada ya fara da faɗa. Takarda zai fara nema. Abin da manhajar banki ke nunawa a waya taƙaitawa ce, ba ta isa hujja ba. Na je na nemi cikakken sitatimen na watannin da abin ya shafa, na kuma nace sai mai ɗauke da ranaku biyu a kan kowane layi: ranar da na yi ciniki, da ranar da banki ya shigar da cinikin cikin littafinsa. Ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, mutane ba su cika neman wannan ba." Na ce, "Shi nake so, Malama, don Allah." A tsakanin ranakun nan biyu rabin rigimar take.

Na zauna da takardun da dare, da jan biro, ina jan layi ƙarƙashin duk kuɗin da ya fita wanda ba ni na kashe ba. A gefen kowane layi na rubuta abin da ya jawo shi. Aiki ne mai cin rai, don banki ba ya rubuta tara kusa da cinikin da ya haife ta. Sai ka yi ta komawa baya kana daidaita rana da rana, kana sake lissafa balas da hannunka. Da na gama sai na ga abubuwa ne mabambanta aka cusa ƙarƙashin suna ɗaya.

Akwai kuɗin ruwa na kwanakin da na riƙe kuɗin banki. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu duka. Masu ƙyamar kuɗin ruwa tun daga tushe suna da hujjarsu, kuma magana ce mai zaman kanta. Ni a nan ban kai ƙara a kansa ba, don an ranta mini, na kuma amfana.

Sai tarar kati. Ranar da abin ya faru na yi ƙananan sayayya tun da safe, lokacin da akwai kuɗi a asusun. Na'ura ta amince, rasit ya fito. Amma cinikin kati ba ya kammala a lokacin da ka ga an amince. Banki yana ware kuɗin ne a gefe, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, idan mai kanti ya turo neman biya, sannan a shigar da cinikin littafi. Kafin nawa su shiga, babban biyan nan ya riga ya fita ya share asusun. Sai kowace ƙaramar sayayya ta faɗo a kan asusun da babu komai, kowacce kuma da tararta cikakkiya, ba ragi. Akwai wadda tararta ta ninka kuɗin abin da na saya sau da yawa. Na shimfiɗa rasit ɗinta kusa da layin sitatimen: ga lokacin da na biya an buga a jiki, ga balas na wannan lokacin ya isa har da ragowa, ga kuma tara an rubuta wai na kashe abin da ba ni da shi.

Akwai kuma biyan da banki ya ƙi yi. Wani kamfani ya nemi kuɗinsa na wata, banki ya ce babu, ya mayar, ya kuma ci ni tarar mayarwa. A nan ko sisi bai ranta mini ba. Kwamfuta ce ta duba ta ce a'a. Kafin albashi ya shigo kamfanin ya sake turowa, kamar yadda tsarinsu yake, aka sake mayarwa, aka sake cin tara. Bashi ɗaya, tara biyu, shi ma kamfanin ya ɗora nasa cajin makara a kai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe. Duk tarar nan an haɗa ta ne aka cire a dunƙule a wata na gaba, ana gab da ranar da biye-biyena ke fita. Cirewar ta rage kuɗin, biyan ya sake zarcewa, aka ci sabuwar tara. A watan nan albashi ya zo a kan lokaci, ban kuma kashe abin da ya wuce na kullum ba. Tarar wancan watan ce ta jawo ta wannan, kuma ba abin da zai hana ta jawo ta gobe.

Na kira layin kula da kastomomi. Saurayin da ya ɗauka yana da ladabi, ban da abin cewa a kansa, amma daga jin yadda yake magana ka san karantawa yake yi. "Malam, ai yana cikin sharuɗɗan da ka sa wa hannu." Na karanta masa lokacin da ke jikin rasit, na karanta masa balas. Ya yi shiru, na ji yana danna madannai, sannan ya ce zai iya cire mini tara guda ɗaya a matsayin alfarma, tunda na daɗe da su. Na tambaye shi, in na karɓa, maganar sauran ta mutu ke nan? Ya ce za a rubuta an warware. Na ce to kada ya cire, ya shigar mini da koke a hukumance, ya ba ni lambar koken. Wannan lamba ita ce abu mafi amfani da na samu a wayar. In babu ita, hira kawai ka yi. In akwai ta, agogo ya fara yi wa banki aiki, don ƙasashe da yawa sun ƙayyade wa bankuna lokacin da dole su ba da amsa. A Birtaniya, alal misali, mako 8 ne, in ya wuce ko amsar ba ta gamsar ba, mutum ya kai ga ofishin sasanci mai zaman kansa kyauta.

Kafin in rubuta takardar koke sai da na karanta yadda wasu suka yi wannan gwagwarmaya, don kada in jingina da hujjar da aka riga aka kayar. Labarin Birtaniya ya fi ɗaukar hankalina. A watan Afrilun 2006 ofishin kula da adalcin ciniki na ƙasar, OFT, ya ce duk tarar katin bashi da ta wuce fam 12 zai ɗauke ta a matsayin mara adalci. Mutane suka ce, to, ta asusun yau da kullum fa, wadda ke kai fam 30 ko fiye a kan ciniki ɗaya? Sai aka fara tururuwa. Mutum ya biya fam 10 ya karɓi bayanan asusunsa na shekara 6, ya haɗa lissafi, ya aika wa banki. Bankuna suka yi ta biya ba tare da sun bari an kai ga hukunci ba. Kuɗin ba ƙanana ba ne: binciken OFT ya nuna a shekarar 2006 kaɗai bankunan sun samu kusan fam biliyan 2.6 daga irin wannan caji. A Yulin 2007 aka amince a kai maganar kotu a yi ta ta ƙare, OFT a gefe guda, bankuna 7 da ƙungiyar ajiya da lamunin gidaje ta Nationwide a ɗaya gefen, aka kuma dakatar da koke-koken jama'a sai an yanke hukunci. Babbar Kotu a 2008 da Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2009 duka suka ce OFT na da hurumin auna adalcin cajin. Ranar 25 ga Nuwamban 2009 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin. Koke-koke sama da miliyan ɗaya da ke jira suka rasa madogara.

Sai da na karanta dalilin a hankali, don ana yawan faɗarsa ba daidai ba. Kotun ba ta ce cajin adalci ne ba. Cewa ta yi cajin wani ɓangare ne na farashin da kastoma ke biya don hidimar asusu gaba ɗaya, dokar da OFT ta dogara da ita kuma ba ta ba da damar a auna ko farashi ya dace da hidima ba. Tun a Babbar Kotu an riga an rufe wata ƙofar: tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila mai hana a ɗora wa wanda ya karya yarjejeniya tarar da ta wuce kima ba ta yi aiki ba, don a yawancin sharuɗɗan bankunan zarce balas ba karya yarjejeniya ba ne, neman rance ne da banki ya duba ya caji kuɗin dubawa. Darasin da na ɗauka a aikace shi ne, in na rubuta cewa tarar ta yi yawa kawai, za a amsa mini da layi ɗaya: ka sani, ka sa hannu. Dole in nuna inda lissafin bankin kansa ya ƙirƙiro tarar.

A nan labarin Amurka ya ba ni abin riƙewa. A 2010 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta umarci bankin Wells Fargo ya mayar wa kastomominsa na jihar dala miliyan 203, saboda yana jera cinikin yini daga babba zuwa ƙarami maimakon yadda suka faru. Babban ya fara share asusun, ƙananan su biyo baya kowanne da tara. Mutumin da ya kamata a ci tara ɗaya sai a ci shi da yawa. Bank of America ya sasanta irin wannan ƙara a 2011 a kan dala miliyan 410. A 2022 kuma hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta ƙasar, CFPB, ta sa bankin Regions ya biya dala miliyan 191, mafi yawansu mayarwa ga kastomomi, a kan cinikin da aka amince da shi lokacin da akwai kuɗi sannan aka ci tara lokacin shigar da shi littafi. Da na karanta wannan sai na sake ɗauko rasit ɗina. Dokar wata ƙasa ba ta hawa kan bankin wata ƙasa, na san da haka, ban kuma ambaci ko ɗaya a takardata ba. Abin da na samu shi ne tabbacin cewa abin da ke damuna ba rashin fahimta ba ne, abu ne sananne da hukumomi suka duba suka ce bai dace ba.

Takardar da na rubuta shafi ɗaya ce da ɗan ƙari. Ban zagi kowa ba, ban yi barazanar rufe asusu ba. Na sa lambar koken a sama, na jera kowace tara da ranarta da cinikin da aka ce ya jawo ta da balas na lokacin da na yi cinikin, na maƙala hotunan rasit. Na faɗa ƙarara cewa kuɗin ruwa da tarar farko, ta babban biyan da banki ya cike mini, ba na jayayya a kansu. Sauran na nemi a dawo da su duka, har da wadda tara ta haifa. Sannan na yi tambayoyi na ce ina son amsa a rubuce. Yaushe, kuma a wace takarda, na amince a riƙa biya mini cinikin kati idan babu kuɗi, maimakon na'ura ta ƙi? Wane tsari ake bi wajen jera cinikin yini? Nawa banki ke kashewa idan kwamfuta ta mayar da biya? Na kuma rubuta, ba tare da ƙari ba, irin matsin da cirewar ta jefa gidana a watan. Wannan ba roƙo ba ne. A wasu ƙasashe hukumomin da ke sa ido suna buƙatar banki ya san halin wanda ya shiga matsi, ya kuma yi la'akari da shi.

Bayan wani lokaci aka kira ni reshe. Manajan mutum ne mai natsuwa, ya ba ni wuri, ya saurare ni har na kai aya. Hujjojinsa ba na banza ba ne, shi ya sa zan kawo su yadda ya faɗa. Ya ce jadawalin cajin a fili yake, ba a ɓoye ba. Ya ce da ba su biya mini babban biyan nan ba, da asarar da zan yi ta fi tarar. Ya ce in babu tara, wasu za su mayar da asusunsu wurin cin bashi ba izini. Ya kuma ce rassa da na'urori da manhaja duk kuɗi suke ci, mafi yawan kastomomi kuma ba sa biyan komai a kansu, dole kuɗin ya fito daga wani wuri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta biyun na yarda da ita, shi ya sa ban nemi tarar farko ba. Amma wanda ya saya da safe da kuɗinsa a asusu, wane hali ake so tara ta hana shi?" Ya duba rasit ɗin ya daɗe. Ya ce tsarin ne haka, ba wanda ya zauna ya nufe ni. Na yarda ba wanda ya nufe ni. Amma tsarin ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka zauna suka zaɓi wane ciniki zai riga wane, kuma zaɓin da suka yi shi ne mai kawo wa banki kuɗi.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce na fi juyawa a raina bayan na fito, don gaskiya ce, kuma gaskiyar tata ce ke nuna inda matsalar take. Kuɗin dole ya fito daga wani wuri, to daga ina yake fitowa? CFPB ta gano a 2017 cewa kashi 9 cikin 100 na asusu ne ke biyan kashi 79 cikin 100 na duk tarar zarcewa da ta mayar da biya. A Birtaniya hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta gano cewa a 2016 fiye da rabin cajin zarcewar da ba a shirya ba, wato wadda ba a yi yarjejeniyarta da banki tun farko ba, ya fito ne daga kashi 1.5 cikin 100 na kastomomi. Waɗannan ba masu almubazzaranci ba ne galibi, masu hannu baka hannu ƙwarya ne, waɗanda makarar albashi ta kwana biyu ke kayarwa. Su ke ɗauke da nauyin asusun kyauta da mai wadata ke mora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma aka auna tarar a matsayin rance, tunda rance ne, lissafin ba ya kyan gani: CFPB ta nuna a 2014 cewa yawancin zarcewar kati a kan cinikin dala 24 ko ƙasa da haka ne, ana kuma biya cikin kwana 3, tarar kuwa dala 34. In aka mayar da wannan ruwan shekara, ya kai kashi 17,000 cikin 100. A 2019 bankunan Amurka sun tara kusan dala biliyan 15.5 ta wannan hanya.

Amsar bankin ta zo a rubuce cikin lokacin da aka ƙayyade. Sun dawo da tarar kati duka. Ta mayar da biya sun dawo da ta biyun, sun riƙe ta farko. Wadda tara ta haifa sun ce ta wani wata ce daban, ba ta da alaƙa. Daga cikin tambayoyina, ta amincewa kawai suka amsa, suka nuna wani sakin layi a cikin sharuɗɗan buɗe asusu. Ta tsarin jerawa suka kewaye. Ta abin da suke kashewa ba su ko taɓa ta ba. A ƙasa aka rubuta cewa mayarwar alfarma ce, ba amsa laifi ba.

Na kai sauran gaba, ga hukumar da ke sauraron koke-koken abokan hulɗar bankuna. Fom ne na cike, na maƙala takardata da amsarsu da sitatimen mai jan biro. Hujjata a kan tarar wata na biyu guda ɗaya ce, lissafi: na cire tarar da bankin da kansa ya riga ya dawo da ita daga abin da aka cire a dunƙule, na nuna cewa da ba a cire ta ba, balas ba zai taɓa sauka ƙasa da sifiri a watan ba. Jira ya yi tsawo, har na fara cire rai. Kafin hukumar ta yanke komai sai ga alat, bankin ya dawo da ita, ya biyo da wasiƙa mai irin kalmomin farko. Tarar mayar da biya ta farko ba ta dawo ba. Har yanzu ina ganin ta wuce kima a kan aikin da kwamfuta ta yi cikin ƙiftawar ido, amma tana cikin jadawali, ba ni kuma da lissafin da zan kayar da ita.

Ga inda na tsaya a kan tambayar ko tarar adalci ce. Banki ya ranta, yana da haƙƙin a biya shi abin da ya dace da girman rancen da tsawonsa. Wannan ban taɓa musunsa ba. Amma tara mai adadi ɗaya ko zarcewar ƙarama ce ko babba, tarar da ke ninkuwa saboda yadda banki ya jera cinikinsa, tarar da ake ci sau biyu a kan bashi ɗaya, da tarar da tara ta jawo, waɗannan ba farashin rance ba ne, kuma sa hannu a ƙasan takarda mai shafuka da yawa bai mayar da su adalci ba. Su ya kamata a dawo da su.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda aka dawo da nawa. Na samu ne don ina iya karanta sitatimen, ina da inda zan buga takarda, ina da aikin da zan iya ɗaukar izini in je reshe, na kuma san akwai wata hukuma a sama da banki. A wurin aikinmu akwai wata baiwar Allah mai shara da ta girme ni, albashinmu tare ya makara, bankinmu ɗaya. Da na ba ta labari ta ce, "Ɗana, ashe ana dawowa da shi? Ni na ɗauka haka abin yake." Da muka duba nata, tarar da aka ci ta ta fi tawa, a albashin da bai kai rabin nawa ba, kuma ba wannan ne karon farko ba. Bankin yana da duk bayanan da ni na sha wahalar haɗawa. Kwamfutar da ta san ta cire ta san waɗanda ta cire wa. In tarar kati ba ta dace a kaina ba, ba ta dace a kanta ba, kuma bai kamata sai ta rubuta takarda ba. Mayarwa ta hanyar alfarma tana rufe bakin mai iya magana ne, tsarin ya ci gaba da aiki a kan sauran. Shi ya sa hukuncin da ke tilasta a mayar wa kowa, irin na Wells Fargo da na Regions, ya fi mini daraja a kan nasarar mutum ɗaya.

Gyara daga sama ma yana zuwa, ko da yake ba ya zuwa a miƙe. Tun 2010 babban bankin Amurka ya hana a ci tarar zarcewa a kan cinikin kati na lokaci ɗaya da cire kuɗi a ATM sai kastoma ya zaɓa da kansa. A 2021 Ally da Capital One suka sanar da soke tarar gaba ɗaya, a 2022 Bank of America ya rage tasa daga dala 35 zuwa 10. A Disamban 2024 CFPB ta fitar da dokar da za ta sa manyan bankuna su tsaya a dala 5 ko a abin da suke kashewa, ko su bi ƙa'idojin rance. Majalisar dokokin ƙasar ta soke ta a 2025 tun kafin ta fara aiki. A Birtaniya, abin da kotu ba ta bayar ba a 2009 FCA ta kawo shi daga Afrilun 2020: ba cajin kullum ko na wata, ba tsadar da ta fi ga wanda ya zarce ba shiri, sai ruwa ɗaya da kowa zai iya kwatantawa. Bankuna da yawa suka tsayar da shi kusan kashi 40 cikin 100 a shekara, wanda ya yi wa wasu masu yarjejeniyar zarcewa da banki tun farko tsada fiye da da. Duk da haka, wanda ya zarce kaɗan na kwana biyu yanzu kaɗan yake biya, kuma yana iya lissafa abin da zai biya tun kafin ya biya.

Ni dai na rubuta wa bankin a kashe mini biyan kati idan babu kuɗi, na'ura ta ƙi kawai. Na matsar da ranar biye-biyena zuwa kwanaki bayan ranar albashi, na kuma kunna alat mai sanar da ni idan balas ya yi ƙasa. Ita kuwa Baba mai shara mun karɓo sitatimen ɗinta mai ranaku biyu, mun ja layukanta da jan biro a lokacin hutun rana, na rubuta mata takardar da bakinta, ta sa hannu. An ba ta lambar koke, amsa ba ta zo ba tukuna.